Tambayi Likita: Tairoyid Mai Aiki Fiye da Kima, Magani da Gwajin Jini

TAMBAYA: Assalamu alaikum Likita. Ni malamar makaranta ce a Zariya, shekaruna 34, ina da 'ya'ya uku. Tun bara na fara ramewa alhali ina cin abinci fiye da da, ga faɗuwar gaba da rawar hannu da gumi ko a lokacin sanyi, barci kuma ya ƙaurace mini. Sau biyu ana yi mini maganin taifot, a gida kuma wasu suka ce iska ce, kafin daga baya a gwada jinina a ce tairoyid ɗina ne yake aiki fiye da kima. Aka ɗora ni a kan kabimazol miligiram 30 kullum, tare da furofanolol. Yau wata uku ke nan, kuma alhamdu lillahi na ji sauƙi sosai. Amma sakamakon da na karɓo ya nuna T4 ya dawo daidai, TSH kuwa yana nan a 0.01 kamar ranar farko. Shin maganin bai yi aiki ba ne? Idan kuma ya yi, me zai hana in daina tunda na warke? Sannan gashina yana zubewa, har wata ƙawata ta kawo mini ƙwayoyin bayotin da wani garin ciyawar teku da ta ce yana gyara tairoyid. In sha? Gwajin nan kuma yana cin kuɗi, shin dole ne a riƙa maimaita shi?

AMSA: Wa alaikumus salam Malama, Allah ya ƙara sauƙi. Maganinki yana aiki, kuma takardar da ke hannunki ita ce shaidar hakan, sai dai ba ki kai lokacin dainawa ba, kuma bai kamata ki kusanci garin ciyawar tekun nan ba.

Tairoyid wata 'yar tsoka ce a gaban wuya, ƙasa kaɗan da maƙogwaro, wadda idan ta kumbura muke kiran abin maƙoƙo. Aikinta shi ne ta ɗauki sinadarin aidin daga abinci ta sarrafa shi ya zama sinadarai biyu, T4 da T3, waɗanda suke daidaita saurin da jiki yake ƙona abinci, da bugun zuciya, da ɗumin jiki. TSH kuwa ba daga wuya yake fitowa ba, wata ƙwaya ce a ƙasan ƙwaƙwalwa mai suna fituwitari take sakin sa domin ta umarci tairoyid ya yi aiki. Idan T4 da T3 suka yi yawa a jini, sai fituwitari ta janye umarninta, shi ya sa TSH ɗinki ya faɗi zuwa 0.01 alhali a yawancin ɗakunan gwaji ana sa ran ganin sa tsakanin 0.4 da 4.0. Abin da ba a cika yi wa marasa lafiya bayani ba shi ne, fituwitarin da ta shafe watanni a danne ba ta farfaɗowa rana ɗaya. T4 yakan dawo daidai cikin mako huɗu zuwa takwas, amma TSH yana iya ɗaukar watanni yana ƙasa. Saboda haka a farkon magani likita da T4 da T3 yake auna ci gaba, ba da TSH ba, kuma kuskure ne babba a ƙara wa mutum magani don kawai TSH bai motsa ba.

Hasali ma, abin da sakamakonki yake nunawa shi ne lokacin duba yiwuwar rage maganin ya yi. Akan fara kabimazol da miligiram 15 zuwa 40 gwargwadon tsananin ciwon, idan T4 ya daidaita sai a riƙa ragewa sannu a hankali har a tsaya a kan miligiram 5 zuwa 15. Wanda ya zauna a kan miligiram 30 bayan T4 ya sauko yana iya wayar gari ya koma ɗaya ɓangaren, wato tairoyid ya gaza, ga kasala da jin sanyi da ƙiba da kumburin fuska, maƙoƙon kuma ya ƙara girma. Ki kai wa likitanki takardar a wannan makon, kada ki jira ranar da aka ba ki idan tana da nisa, kuma kada ki rage da kanki. Furofanolol ɗin ma shi ne zai faɗa miki yadda za ki janye shi a hankali, domin ba ya taɓa tairoyid, bugun zuciya da rawar hannu kawai yake kwantarwa kafin babban maganin ya kama. Ga masu karatu da suke da asma, ku sanar da likita kafin a rubuta muku shi, domin yana iya toshe numfashi.

Batun dainawa shi ne ya fi damuna, domin a nan ne mutane da yawa suke komawa gidan jiya. Kabimazol ba ya kawar da sinadarin da aka riga aka tara, sabo kawai yake hana a ƙera, kamar a hana zuba hatsi a rumbu, sai an cinye na ciki kafin a ga ya ragu. Wannan ne dalilin da ya sa sauƙi yake jinkirin zuwa, shi ne kuma dalilin da ya sa wadda ta daina take shafe makonni tana jin garau kafin ciwon ya dawo da ƙarfinsa. A mace mai shekarunki, abin da ya fi haddasa wannan matsala shi ne cutar Graves, wadda aka sa wa sunan Robert Graves, likitan birnin Dublin da ya bayyana ta a shekarar 1835. A cikinta garkuwar jiki ce take ƙera wasu sinadarai masu zuga tairoyid ya yi ta aiki ba tare da jiran umarni ba. Magani yana riƙe tairoyid ne har wannan zugar ta lafa, abin da yakan ɗauki wata 12 zuwa 18, kuma ko bayan an cika wa'adin kusan rabin mutane ciwon yakan dawo musu. Ina ga wadda ta daina a wata na uku? Tairoyid da aka bari yana gudu yana gajiyar da zuciya, yana kawo rikicewar bugunta wadda kan kai ga shanyewar ɓarin jiki, yana kuma cinye ƙarfin ƙashi. Akwai kuma wani mummunan tashin ciwon da kan afka wa wanda ya yanke magani sannan wata rashin lafiya ko tiyata ko haihuwa ta same shi, da zazzaɓi mai zafi da ruɗewa da bugun zuciya mai tsanani, kuma yana kisa. Ki tambayi likitanki ko za a iya yi miki gwajin TRAb, wanda yake tabbatar da Graves ce, yake kuma taimakawa a ƙarshen wa'adi wajen sanin ko lokacin tsayawa ya yi.

Yanzu ga abin da ƙawarki ta kawo, kuma na san da kyakkyawar niyya ta kawo shi. Ciyawar teku cike take da aidin, aidin kuwa shi ne kayan aikin da tairoyid yake ƙera T4 da shi. Babban mutum yana bukatar maikirogiram 150 ne kawai a rana, amma cokali ɗaya na irin wannan gari yana iya ninka hakan sau da yawa, kuma ba kasafai ake rubuta ainihin adadin a jikin roba ba. Ruɗanin ya samo asali ne daga gaskiyar da kowa ya sani, cewa ƙarancin aidin yana kawo maƙoƙo, wanda saboda shi ne Najeriya ta wajabta sanya aidin a gishiri tun 1993. Amma maƙoƙon ƙarancin aidin daban, naki daban, kuma abin da yake magance wancan shi yake rura wannan. Gishirin girki mai aidin ba laifi, ki ci gaba da amfani da shi kamar kowa. Abin gudu shi ne ƙari na musamman, da duk wata kwalba da aka rubuta mata cewa tana ƙarfafa tairoyid. Wani bincike da aka wallafa a Amurka a 2013 ya gwada irin waɗannan ƙwayoyi guda goma, ya tarar tara daga cikinsu suna ɗauke da ainihin sinadarin tairoyid. Haka ma ganyen Indiya da ake kira ashwaganda, wanda ake tallatawa don barci da kwanciyar hankali, an san yana iya ɗaga T4.

Bayotin, wanda wani nau'in bitamin ne, matsalarsa ta wani fanni ce, ba ya cutar da tairoyid, gwajin yake ɓatawa. Na'urorin ɗakunan gwaji da yawa suna amfani da bayotin a cikin aikin awon kansa, saboda haka idan ya yi yawa a jinin mutum sai TSH ya fito ƙasa da gaskiya, T4 da T3 kuma su fito sama da gaskiya, wato daidai kamannin ciwonki. Jiki yana bukatar kimanin maikirogiram 30 a rana, ƙwayoyin gyaran gashi da farce kuwa sukan ƙunshi 5,000 ko 10,000. Hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta yi gargaɗi a kan haka a 2017. Ki duba yadda abin zai kasance: kina samun sauƙi, takarda ta ce ciwo ya tashi, likita ya ƙara miki magani a kan ƙarya. Idan kin riga kin fara sha, ki dakata aƙalla kwana biyu kafin a ɗebi jini, kuma ki faɗa wa likita. Ni dai shawarata ki ajiye shi gaba ɗaya, domin zubewar gashi tana biyo bayan rikicewar tairoyid ne da 'yan watanni, kuma yawanci gashin yakan dawo idan sinadaran suka zauna daidai. Abin da ya fi amfani shi ne a duba ko kina da ƙarancin sinadarin ƙarfe a jini, wanda ya zama ruwan dare ga matan da suka haihu sau da yawa. Idan gwaji ya nuna ƙarancin bitamin D, a cike shi saboda lafiyar ƙashi, tare da madara da nono da kifi a abinci.

Game da kuɗin gwaji, na san nauyi ne, amma ba shi da madadi, domin yadda mutum yake ji a jikinsa ba ya faɗin adadin maganin da ya dace da shi. Tsarin da aka saba shi ne kowane mako huɗu zuwa shida a farko, idan an daidaita sai a koma kowane wata biyu zuwa uku. Akwai hanyar rage asara. Ki gaya wa likita ƙarfin aljihunki ba tare da jin kunya ba, domin a wannan mataki yana iya zaɓar T4 kaɗai a wani zagayen maimakon a yi duka ukun. Ki riƙa zuwa ɗakin gwaji ɗaya, saboda ma'aunin kowane wuri yana ɗan bambanta. Ki kuma sami ƙaramin littafi ki riƙa rubuta kwanan wata, da sakamako, da adadin maganin da kike sha a lokacin, da nauyin jikinki. Idan fayil ya ɓace ko aka canja likita, wannan littafin zai hana a sake gwajin da an riga an biya kuɗinsa.

TAMBAYA: Likita, ƙanena yana shan kabimazol mako biyar ke nan. Shekaranjiya zazzaɓi ya kama shi da ciwon maƙogwaro, muka saya masa maganin maleriya a kemis. Ko akwai matsala idan ya haɗa su? Daga wani mai karatu a Gusau.

AMSA: Malam, mun aika maka da amsa tun ranar da saƙonka ya iso, muna maimaita ta a nan ne domin sauran jama'a. Ya dakatar da kabimazol nan take, a kai shi asibiti a ranar, a yi masa gwajin ƙidayar ƙwayoyin jini, kuma kada ya sake sha sai likita ya ga sakamakon. Haɗuwar magungunan ba ita ce abin tsoro ba. Kabimazol da ɗan uwansa PTU, wani maganin tairoyid mai irin aikinsa, suna iya sa fararen ƙwayoyin jini masu yaƙi da cuta su faɗi warwas. Abin ba ya yawan faruwa, bai kai mutum ɗaya cikin ɗari ba, kuma ya fi aukuwa a watanni ukun farko, amma idan ya faru ƙaramar cuta tana iya zama ajali cikin 'yan kwanaki. Alamunsa su ne zazzaɓi, da ciwon maƙogwaro, da gyambo a baki. A ƙasarmu da kowane zazzaɓi ake fara ɗora wa sauro laifinsa, haɗarin ya fi girma, domin kwanakin da ya kamata a yi a asibiti sukan tafi wajen jiran maganin kemis ya yi aiki. Mai yiwuwa maleriyar ce da gaske, amma gwaji ne zai faɗa, kuma idan fararen ƙwayoyin suna daidai sai ya ci gaba da maganinsa. Haka kuma duk mai shan waɗannan magunguna da ya ga idonsa ya yi rawaya irin na shawara, ko fitsarinsa ya yi duhu, ko ciwon ciki mai tsanani ya kama shi, ya tsaya ya nemi likita, domin suna iya taɓa hanta, musamman PTU. Ƙananan ƙuraje da ƙaiƙayi sun fi yawa kuma yawanci ana shawo kansu ba tare da an bar maganin ba, amma su ma a nuna wa likita.

TAMBAYA: Ni amarya ce, wata biyar da aure, ina shan kabimazol miligiram 10. Dangin miji sun fara tambaya. Zan iya ɗaukar ciki a haka? Daga wata mai karatu a Maraɗi.

AMSA: Allah ya sanya alheri, 'yar uwa. Mata masu wannan ciwo suna haihuwa lafiya, amma cikin da aka shirya masa ya fi aminci nesa ba kusa ba. Kabimazol a watanni ukun farko yana ƙara haɗarin wasu nakasu ga jariri, kamar rashin fata a wani ɓangaren kai ko toshewar hanyar hanci, shi ya sa hukumar magunguna ta Birtaniya ta ja kunne a 2019 cewa mace mai shan sa ta yi amfani da hanyar tazarar haihuwa mai inganci. Abin da aka saba yi shi ne a jira sinadaran su daidaita, sannan a mayar da mace kan PTU kafin ciki ko da zarar ya tabbata, a mafi ƙarancin adadin da zai riƙe ta, ana gwaji kusan kowane wata. Barin ciwon babu magani ba mafita ba ce, domin shi ma yana kawo ɓari da haihuwar bakwaini da hawan jini na masu ciki. Ku je wurin likita ke da maigida tare, ya ji bayanin da kunnensa, domin shi ne zai fi iya tare miki surutun dangi. Idan kuma al'adarki ta yi jinkiri, ki yi gwajin ciki ki sanar da likita a cikin kwanakin, ba sai ranar awo ba. Shayarwa tana yiwuwa a kan ƙaramin adadi irin naki, ana shan maganin bayan an gama ba da nono.

TAMBAYA: Idanuna sun firfito suna yi mini kamar da yashi a ciki. Na ji an ce seleniyam yana taimakawa. Gaskiya ne? Daga wani direba a Kano.

AMSA: Akwai ƙamshin gaskiya a ciki, Malam. A wani gwaji da aka yi a Turai aka wallafa a 2011, masu ciwon ido mara tsanani na cutar Graves da suka sha maikirogiram 100 na sinadarin seleniyam sau biyu a rana har wata shida sun fi waɗanda ba su sha ba samun sauƙi. Amma wannan na ido ne mai sauƙi, ba ya maye gurbin kabimazol, kuma wuce maikirogiram 400 a rana yana zubar da gashi yana lalata farce, don haka likita ne zai tsara maka. Abin da ya fi seleniyam tasiri shi ne barin sigari da shisha idan kana sha, domin hayaƙi yana tsananta wannan ciwon ido ƙwarai. Ka riƙa ɗiga ruwan hawaye na kanti, ka sa tabarau saboda ƙura da iskar hanya, ka ɗaga kai da matashi idan za ka kwanta. Idan ka fara ganin abu ɗaya ya zama biyu, ko gani ya dushe, ko launuka suka koɗe, ko ido ya ƙi rufuwa a barci, ka ajiye tuƙi ka ga likitan ido cikin gaggawa.

TAMBAYA: Na sha magani wata 18 aka dakatar da ni, bayan wata bakwai ciwon ya dawo. Shin haka zan ƙare? Kuma yaya zan yi da azumi? Daga wata uwa a Jos.

AMSA: Hajiya, dawowar ciwon ba laifinki ba ne, kuma hanyoyi uku ne a gabanki. Ana iya komawa kan kabimazol a ƙaramin adadi na shekaru, ana gwaji lokaci-lokaci, kuma mutane da yawa suna zaune lafiya a haka. Ana iya shan aidin na nukiliya, wanda aka fara amfani da shi a birnin Boston na Amurka a 1941, kafso ne ko ruwa da yake shiga tairoyid ya rage shi a cikin watanni. A Najeriya akwai sashen wannan aiki a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ibadan da Babban Asibitin Ƙasa na Abuja. Ba a ba mai ciki ko mai shayarwa, ana jinkirta ɗaukar ciki aƙalla wata shida bayansa, kuma yana iya tsananta ciwon ido ga mai shi. Ta uku ita ce tiyata, wadda ta fi dacewa da babban maƙoƙo mai danne maƙogwaro, kuma sai an daidaita jini da magani kafin a shiga, a hannun likitan da ya saba yin ta, saboda jijiyar murya da ƙananan ƙwayoyin da suke kula da sinadarin kalsiyam suna maƙwabtaka da wurin. Ki sani cewa bayan aidin ko tiyata yawancin mutane sukan koma shan lebotairoksin, maganin da yake maye gurbin sinadarin da tairoyid ya daina samarwa, kullum har ƙarshen rayuwa, ƙwaya ɗaya da safe kafin a ci komai, a raba ta da ƙwayoyin ƙarin jini ko na kalsiyam da awa huɗu, gwaji kuma yakan koma sau ɗaya ko biyu a shekara.

Azumi kuwa, wadda sinadaranta suka daidaita tana iya yi, domin kabimazol yana yiwuwa a sha shi sau ɗaya a rana, da sahur ko da buɗa-baki, matuƙar an tsayar da lokaci guda. Amma ke da ciwonki ya taso sabo, ga gumi ga bugun zuciya ga rama, ƙishirwar yini tana iya yi miki illa. Ki yi gwaji makonni kaɗan kafin watan ya kama, ki nuna wa likita, idan ya ce ki dakata to shari'a ta ba mara lafiya damar ramawa bayan ya samu sauƙi.